Ƙishirwar Mai Zif

A ɗakinmu na wankin ƙoda ba a shan ruwa. Ba likita ne ya kafa wannan doka ba, mu muka kafa abarmu, kuma ni ce mai gadinta. Duk wanda ya rako mara lafiya, komai girmansa a gidansu, sai ya ajiye gorarsa a kan teburin bakin ƙofa kafin ya shigo. In ya manta, kallo ɗaya nake yi masa ta saman tabarau, irin wanda na shekara da shekaru ina yi wa 'yan aji, sai ka ga ya koma da baya yana ba da haƙuri. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ƙodarsa ta daina aiki ba ya fitar da ruwa. Abin da ya sha yana nan a jikinsa, ya kumbura ƙafa, ya hau ƙirji, har sai inji ya zuƙe shi. Don haka a aune ake ba mu, ɗan kofi da safe, ɗan kofi da yamma, sauran yinin sai tsotsar ƙanƙara. Mutum ya tsaya a gabanmu ya ɗaga gora, maƙogwaronsa na hawa yana sauka, ai gara ya zage mu ta uwa ta uba.

Da wannan na fara, don sai an san shi za a gane yadda Mai Zif ta kusa kashe ƙodar da aka ba ta, saboda mu.

Ni malamar makaranta ce mai ritaya, kuma mace ce mai ji da kanta, ba na ɓoyewa. Ciwon suga ne ya ci ƙodojina. Ranar da aka fara kawo ni, an riga an sa mini wata roba a ƙasan wuya, saman ƙirji, inda za a riƙa haɗa injin. Ɗakin dogo ne mai sanyi kamar firji. Kujerun kwanciya jere biyu suna kallon juna, kowacce da injinta a gefe, mata a wannan ɓari, maza a wancan. Tsakani kuwa wani labule ne da ya gaji da duniya, bai kai sama ba, bai kai ƙasa ba, bai kuma kai bango ba.

Sista, wato babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, ta ce, "Mama, a ɗan sauke rigar."

Na dubi labulen, na hango ƙafafun wani tsoho da rabin fuskarsa. Na ce mata ta kira ɗana ya mayar da ni gida, in mutuwar ce ta same ni da rigata a jikina.

Sai na ji murya daga kujerar da ke kusa da tawa. "Sista, yafa mata bargona tukuna. Ke kuma baiwar Allah, mutuwar ba guduwa za ta yi ba, bari dai a yi na yau."

Na juya in ga mai wannan baki. Ita ce Mai Zif, wata 'yar ƙaramar mace siririya, hannunta na hagu a miƙe da allurai biyu manya a ciki, tef ɗin awo rataye a wuyanta kamar sarƙa. Ba fuskata take kallo ba, kafaɗata take kallo, tana motsa leɓe.

Ta ce, "Ran Alhamis ki zo mini da rigar da kika fi so."

Na ce, "Wadda na fi so, ko wadda na fi tsana?"

"Wadda kika fi so. Nan za ki riƙa yini, ba bola kika zo ba."

Ran Alhamis na kawo mata wata tsaka-tsaki, don ban yarda da ita ba. Ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta juya gaba da baya, ta miƙo mini abata. Ta ce wannan ta zuwa cefane ce, kada in raina mata hankali. Ban taɓa ganin ɗalibin da ya kama ni haka ba. Sati na gaba na kawo shuɗiyar da na sa ranar da makaranta ta sallame ni, na miƙa mata kamar mai ba da jariri.

Da ta dawo mini da ita sai da na nemi inda aka taɓa na rasa. Ta farke ɗinkin kafaɗa ne, ta dasa zif daga gefen wuya ya gangaro tsawon tafin hannu, ta ɓoye shi a ƙarƙashin wata 'yar tattara da za ka rantse da ita aka sayo rigar. Ka ja shi, robar ta fito, sauran jiki yana rufe. Zif ɗin na roba ne, don na ƙarfe yana ɗaukar sanyin ɗakin ya ɗosana wa mutum. Ta bayansa ta sa wani harshe na yadi mai laushi don kada haƙoransa su ciji filasta. A kan majanyin zif ɗin kuma ta ɗaura ɗan zobe na zare, saboda yatsunmu kan yi sanyi su mutu, ba sa iya kama ƙaramin abu. Waɗanda ake sa wa allura a hannu, nasu daga wuyan hannu yake tashi zuwa gwiwa, yadda ɗaya hannun kaɗai zai iya buɗewa. Duk wannan babu wanda ya koya mata. A kan kujerar nan ta gano shi, ɗaya bayan ɗaya, a jikinta.

Labarinta gutsure-gutsure na same shi, don mai yini kwance kusa da kai sau biyu a sati, ko ba ka tambaya ba sai ka ji. Gwaggonta ce ta koya mata ɗinki, kuma sai da ta daɗe tana farke ɗinkin da wasu suka ɓata kafin a bar ta ta ɗora ƙafa a kan keke. Shi ya sa take cewa wanda bai iya farkewa ba, bai iya ɗinki ba. Mijinta kafinta ne, ya rasu yaran suna ƙanana, ta riƙe maza biyu da keken nan a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Da ƙafafunta suka fara kumbura ta ce taka keke ne. Da kai ya dame ta da ciwo ta ce ƙwan fitilar shagon ne ba shi da haske. Ashe hawan jini ne yake ta ɓarna a ɓoye. Ranar da aka fara yi mata wankin, ita ma an ce ta sauke riga a bayan labulen nan. Ta sauke, ta koma gida ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta ɗauko reza ta hau kan rigarta.

Kafin in zo, kusan kowa a ɗakin yana da zif ɗinta. Mu 'yan Litinin da Alhamis ne, amma aikinta ya tsallaka har zuwa 'yan Talata da Juma'a, mutanen da kujera ɗaya muke kwanciya da su amma ba mu taɓa haɗuwa ba. Wata rana a tashar mota na ga wani mutum da zif a hannun rigarsa. Ban san shi ba, bai san ni ba. Ya dubi kafaɗata, na dubi hannunsa, sai kawai muka kama gaisuwa kamar waɗanda uwa ɗaya ta haifa. Bai tambayi sunana ba, tambayarsa ta farko ita ce ruwa nawa aka zuƙe mini jiya. Ya ɗaukar mini jaka da lafiyayyen hannunsa har cikin mota.

Haka ta ɗinke mu. Ita ce ke lura in kujera ta kwana babu mai ita, ta ɗauko waya da hannun dama ta kira gidan. Ita ce ta haɗa waɗanda unguwarsu ɗaya da Direba, tsohon nan da na fara hango ƙafafunsa, ya riƙa kwaso su a tsohuwar motarsa mai tari fiye da shi. Mun san nauyin juna fiye da yadda 'ya'yanmu suka sani, don kowa sai ya hau sikeli a gaban kowa. In Direba ya hau aka ga ya ƙaru, Mai Zif kan ce, "Direba, rijiyar wa ka shanye?" Shi kuma ya rantse da cewa iska ce kawai ya shaƙa da yawa. In ɗayanmu ya rasu, iyalinsa kan kawo mata rigar. Ta farke zif ɗin, ta mayar da ɗinkin yadda yake tun asali, ta ba su rigarsu lafiya lau, zif ɗin kuma ta wanke ta jefa a wani gwangwanin biskit. Na kafaɗata ma na wata ce da ban taɓa gani ba. Da na ji haka na ce mata ai da ta faɗa mini. Ta ce, "Matar kirki ce, kuma zif ɗin bai taɓa cijewa ba. Me kike so kuma?"

Abu ɗaya ne ba ta iya ɗinkewa ba, wato tsakaninmu da waɗanda suka warke. Akwai wani mai ɗaukar hoto da muka daɗe tare, ɗan'uwansa ya ba shi ƙoda, aka yi masa dashe. Bayan ya murmure ya zo gaishe mu, kumatu sun fito, fata ta yi haske. Mun yi murna da ganinsa, Allah ya sani. Ana cikin hira sai ya sa hannu a aljihu ya ciro gora, don shi yanzu likita cewa ya yi ya sha ruwa kamar ba gobe. Ya buɗe, ya kafa kai. Ba da mugunta ya yi ba, mantawa ya yi, kuma mantawar ce ta fi ciwo. Direba ya juya fuskarsa bango. Mai Hoto ya sauke gorar, ya dube mu, ya dubi abin da ke hannunsa, ya yi sallama a gurguje. Bai sake dawowa ba. Ranar muka kafa dokar, kuma tun daga ranar muke cewa wanda ya fita ya fita. Mai Zif kuwa na ga allurar ɗinkinta ta tsaya cak a cikin yadi.

Ana nan sai maganar dashe ta zo kanta. 'Ya'yanta biyu suka je gwaji. Babban aka ce ya gaji hawan jininta, ba za a taɓa shi ba. Ƙaramin kuma jininsa bai dace da nata ba. Mun ɗauka magana ta mutu, ashe matar ƙaramin ta je da ƙafarta an gwada ta. Amarya ake kiranta har yau, ko da yake 'ya'yanta uku. A gidan burodi take aiki, mace mai shiru-shiru, wadda ba mu san komai a kanta ba sai abin da uwar mijinta ke faɗa mana, cewa hannunta ya yi nauyi a gishiri. Ba faɗa suke ba, ba kuma ƙawance suke ba. Gwaji ya nuna tata ta dace. Likitoci suka keɓe da ita suka yi ta juya ta, ko wani ne ya matsa mata. Ta ce musu babu wanda ya ma san ta zo. Ta ce tana so ne yaranta su san kakarsu a tsaye, ba a kwance ba.

Mai Zif ta kafe kai da fata ta ce ba ta so. 'Ya'yanta suka yi lallashi har suka gaji. Wata Litinin, bayan an haɗa mu da injin, na ce mata, "Ke wai wuƙar kike tsoro? Mace mai wasa da reza tun tana yarinya?"

Ta ce, "Ba wuƙa ba ce, Malama."

"To kunyar surukar ce?"

"Akwai wannan. Yarinyar da na yi ta kushe miyarta." Ta murza tef ɗin wuyanta. "Amma ba shi ne babba ba. Kin ga Mai Hoto. Ni ina zan je? Shagon na rufe shi, ƙawayen da duk sun watse, kowa ya gaji da zuwa dubiya. Ku ne mutanena. In na warke na zama baƙuwa, ranar da na shigo Direba ya juya mini baya."

Na tashi mata da faɗa, irin wanda nake yi wa yarinyar da ta ci jarrabawa ta ce ba za ta wuce aji na gaba ba don ƙawayenta sun faɗi. Na ce mata duk ɗakin nan babu wanda za a miƙa wa abin da aka miƙa mata ya tsaya yanga, kuma in ta ƙi, ni ce zan fara juya mata baya. Bakina yana faɗa, zuciyata tana wani abu dabam. Ina yi mata murna har cikin raina, kuma ina jin kamar za a cire mini bango ɗaya na ɗaki. Duka biyun gaskiya ne.

Aka yi tiyata. Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara ina kan inji, ɗanta ƙarami ne, ya ce Mama na son magana. Na sa wayar a sifika don kowa ya ji. Muryarta ta fito a shaƙe, kamar daga cikin rijiya.

"Malama, na yi fitsari."

Wanda bai san halinmu ba zai ce wannan wace irin sanarwa ce. Mu kuwa da wasunmu suka shekara ba su ga nasu ba, ɗakin ya kaure da tafi, kowa da hannun da ba a ɗaure ba yana dukan cinya. Direba ya ɗaga murya ya ce, "A tambaye ta mai yawa ne?" Sista tana dariya tana share ido. Muka tambayi Amarya, aka ce ta farfaɗo, har ta nemi shayi.

Daga nan sai shiru ya fara shigowa a hankali. An ɗora ta a kan magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki don kada jikin ya yaƙi sabuwar ƙodar, kuma mai shan su ko mura ce ta kama shi sai ta kai shi ƙasa. Aka hana ta shiga taro, aka hana ta taɓa kayan da suka fito daga asibiti, ɗakinmu kuwa ko ƙofarsa. Da farko tana kira duk Litinin da Alhamis. Amma me za mu ce? Mu hirarmu sikeli ce da ƙishirwa da ɗaurewar jijiya, ita kuma tana jin nauyin ta ce ta ci kaza ta sha kaza. Kiran ya riƙa gajarta. Wata rana Direba ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Ta bi sahun Mai Hoto." Na ce ya ja bakinsa ya tsuke.

Kujerarta ba ta huce ba aka kawo wata mara lafiya. Yarinya ce matashiya, ma'aikaciyar banki, muka sa mata Baƙuwa. Sista ta ce a ɗan sauke rigar, Baƙuwa ta dubi labulen, ta damƙe wuyan rigarta da hannu biyu, hawaye na zuba. Na yafa mata bargona, na ce ta kawo mini rigar da ta fi so. Ni da ko maɓalli ban iya dasawa ba! Na yini a kan rigar 'yar mutane, na dawo mata da zif a karkace yana kallon hammata. Ta karɓa ta yi godiya, don tana da tarbiyya.

Bayan wasu watanni, wata Alhamis da safe, na ji ana ƙwanƙwasa gilashin tagar da ke bayan kaina. Tagar ba ta buɗuwa, bayanta kuma babu komai sai wani lungu mai ɗakin janareta da tsohon benci. Na waiga. Ga wata mata da takunkumi a fuska, ta yi 'yar ƙiba, tef rataye a wuyanta. Ta ɗaga waya tana nuna mini. Na ɗauka.

"Malama, wa ya yi wa yarinyar nan wannan ta'asa a kafaɗa?"

Likita ya yarda ta riƙa fitowa, amma bai yarda ta shigo ba, ita kuma ta zagaya ta samo lungun. Ranar ni na riƙe tef tana ba ni umarni ta waya, ina auna Baƙuwa, tana cewa in sassauta, ba buhu nake ɗaurewa ba. Daga nan ya zama duk Litinin da Alhamis tana kan bencin nan tun safe har a sauke mu. Rigunan kuwa, Amarya ce ke karɓa, ta wanke, ta goge da dutsen guga mai zafi, sannan su isa hannun Mai Zif. Ta gilashi take duba kujeru ta ga wa ya zo wa bai zo ba. Ta gilashi take tsokanar Direba a kan sikeli. Ɗakin ya dawo daidai, har na fara cika baki ina cewa ai na faɗa.

Abin da ban lura da shi ba, ni mai gadin doka, shi ne ban taɓa ganin gora a hannunta ba. Lungun nan kuwa da rana ta ɗaga babu inuwa, ga zafin janareta.

Amarya ce ta shigo wata Litinin, ta ajiye gora a teburin bakin ƙofa kamar kowa, ta zo ta durƙusa a gefen kujerata. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo ba sai ranar.

"Malama, ku taimake ni da Mama. Duk ranar da za ta zo nan, daga fitowarmu gida har mu koma ba ta sa ruwa a bakinta. Na ce ta zagaya bayan janareta ta sha, ta ce ita ba ɓarauniya ba ce, kuma za ku gani a fuskarta. Likita ya ce gwajinta ya fara lalacewa, ƙodar tana bushewa. Ya ce ko ta sha ruwa, ko ta daina zuwa." Ta dafa gefen cikinta, inda aka yanka. "Ni ban ba ta don ta dawo kan kujerar nan ba. Amma in na hana ta zuwa, wallahi wani ciwon ne zai kama ta."

Na waiga taga. Tana zaune a rana, kanta sunkuye a kan ɗinki, ta ɗan sauke takunkumin don ta ciji zare. Leɓenta duk ya tsage, irin namu sak. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi faɗan ba. Na ce wa Amarya ta ɗauki gorarta ta zagaya. Na kira waya, na sa a sifika.

"Ke Mai Zif, karɓi gorar nan ki sha."

"Ba na jin ƙishirwa."

"Ƙarya kike, ga leɓenki nan."

"Malama, ke ce fa mai gadin dokar."

Ni kuma da wayona na malamai sai na ce, "Dokar cewa ta yi a cikin ɗaki. Ke a cikin ɗaki kike?"

Ta ɗago ta dube ni ta gilashin. A hankali ta ce, "Haka ne. A waje nake." Ta fara naɗe tef ɗinta tana tura kayan ɗinki a jaka. Nan na gane abin da bakina ya faɗa.

Daga ɓarin maza Direba ya ce, "Sista, 'yata, janye labulen nan gaba ɗaya."

Sista ta janye. Ya sa aka ɗaga masa kan kujera har ya iya hango tagar, ya ce a matso masa da wayar.

"Mai Zif, kina ji na? Tsaya tukuna, ban gama da ke ba. Ni rabon da in ga wani nawa yana shan ruwa har na manta. Matata bayan ƙofa take laɓewa. Jikokina in sun ji tafiyata sai su ɓoye kofi, kamar na kama su da sata. A gidana ke nan fa. Mai Hoto mantawa ya yi da mu ya sha, shi ne ya ƙona mini rai. Ke kuwa kin tuna da mu har kina neman kashe ƙodar yarinyar mutane." Ya tsaya ya haɗiyi abin da babu. "To ni aike zan yi. Akwai wani kofin ruwa da nake sha'awa tun asuba, cike, mai sanyi. An hana ni. Ki shanye mini shi, ina kallo. Kada ki rage."

Amarya ta riga ta isa lungun. Ta buɗe gorar ta miƙa da hannu biyu, ta ce wani abu da ba mu ji ba. Mai Zif ta dubi gorar, ta dubi Direba, ta bi kujerun da ido ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya juya bango. Ta sauke takunkumin, ta kafa kai. Muna kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka, ruwa na gangarowa ta gefen baki yana jiƙa tef ɗin. Na ji nawa maƙogwaron yana bin nata. Da ta sauke gorar, Direba ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya yi sanyi?"

Tana kuka tana dariya ta ce, "Ya yi."

Baƙuwa ta ɗaga hannu kamar 'yar aji, ta ce, "Mama, saura nawa."

Gwajinta ya gyaru. Dokar tana nan, kuma har gobe ni ce mai gadinta, duk wanda ya shigo mana da gora zai sha kallo. Amma yanzu Mai Zif da babbar gora take zuwa da kofin gilashi, don mu riƙa ganin inda ruwan ya kai, ga lema da Amarya ta ɗaure mata a jikin bencin. Tsakanin wannan ɗinki da wancan sai ta ƙwanƙwasa taga, ta cika kofin, ta nuna mai shi da yatsa, ta shanye masa. Direba yana son nasa da ƙanƙara. Baƙuwa, cikin rigarta da aka gyara, rabi take cewa a zuba mata, wai ba ta saba da yawa ba. Ni nawa a ƙarshe take sha, in jefa ƙanƙarata a baki in gyara tabarau, don na gaya mata ba na son a yi mini gaggawa.